Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Indiyar da Ba a Haska Mana a Silima

A makon jiya mun tsaya a kan littattafan da suka gyara mini tunani. Wannan makon gaba ɗaya na littafi guda ne, A Suitable Boy na Vikram Seth, wanda ya fito a 1993. Bugunsa na farko shafi 1,349 ne, an kasa shi kashi 19, kuma labarin yana gudana ne a 1951 zuwa 1952, shekara huɗu bayan Turawa sun tafi an raba Indiya da Pakistan.

Bahaushe yakan ɗauka ya san Indiya. Mun taso da finafinansu, mun haddace waƙoƙinsu ba tare da jin yaren ba, har salon ya shiga littattafan soyayya da finafinan Kano. A waccan Indiyar, yaro da yarinya suna son juna, uba ya ƙi, a sha wuya, daga ƙarshe so ya yi rinjaye. Shi ma wannan littafi da zancen aure ya buɗe. Wata bazawara, Rupa Mehra, a wurin bikin babbar 'yarta take shaida wa ƙaramar, Lata, cewa ita ma sai wanda aka zaɓa mata. Manema uku suka bayyana: Kabir ɗalibi, Amit marubucin waƙa ɗan masu hali na Kalkata, da Haresh mai aikin takalmi. Lata ta kamu da son Kabir kafin ta san Musulmi ne, domin a can Hindu ma yana amsa wannan suna. Da gaskiya ta fito, sai uwar ta kwashe ta daga garin. Daga nan littafin ya bar hanyar da fim ya saba bi, ya shiga nuna abin da aure yake tsaye a kai: gona, sana'a, asali da addini.

Ga yadda ya kamata a karanta shi. A farkon littafin akwai zanen salsalar gidaje huɗu, Mehra, Kapoor, Chatterji da Khan. A sa takarda a wannan shafi, domin a shafi 200 na farko za a yi ta komawa. Mutum ɗaya yana iya zuwa da sunan yanka, da sunan gida, da muƙaminsa, kuma a nan ne masu karatu da yawa suke ruɗewa su ajiye. Wanda ya riƙe shafi 30 kullum zai sauke a kwana 45. Idan aka yi hutun mako biyu a tsakiya, zaren yakan tsinke, sai an koma baya. Sai babban kuskure, wato tsallake babobin majalisa da na kotu don a riski Lata. Wanda ya yi haka ya karanta labarin soyayya mai tsawo kawai, ya bar abin da zai sauya masa tunani.

Dalili shi ne dokar mallakar gonaki. Marubucin ya ƙirƙiri jiha mai suna Purva Pradesh da birninta Brahmpur, amma dokar da ake jayayya a kanta tana da tushe, domin Uttar Pradesh ta yi irinta a 1950 don karɓe gonaki daga hannun zamindar, wato manyan masu ƙasa da ke cin hayar talaka. A littafin, ministan da ya tsaya kai da fata a kan dokar, Mahesh Kapoor, aminin Nawab na Baitar ne, basarake Musulmi da dokar za ta raba da dukiyar kakanninsa. Kuma abotarsu ba ta mutu ba. A majalisa dokar tana da kyau. A ƙauye kuwa komai ya rataya a kan patwari, malamin da ke riƙe da rajistar gonaki. Manomi ba zai mallaki gona ba sai rajista ta nuna ya daɗe yana noma ta, don haka masu ƙasa suke ta sauya wa 'yan haya gonaki, kada sunan kowa ya zauna a wuri ɗaya. Wani matashi mai ilimi, Rasheed, ya yi ƙoƙarin gyara rajistar don tsohon baran gidansu, Kachheru. Da danginsa suka gano, sai tsohon ya rasa har ɗan abin da yake nomawa. Duk wanda ya bi wannan sashe a tsanake, in ya sake jin an ce gwamnati ta yi doka don talaka, tambayarsa ta farko ita ce wa ke riƙe da littafin da za a rubuta sunan talakan.

Sashen fata ya fi taɓa ni, kuma ina ganin zai taɓa duk wanda ya san majema da dukawa. Masu ɗinkin takalmi 'yan ƙabilar Jatav suna ɗauko kayansu a kwanduna da yamma su kai wa dillalai. Ba kuɗi ake ba su ba, takardar bashi ce ta wani lokaci mai zuwa. Mai buƙatar sayen fata gobe dole ya sayar da takardar a kan ragi, ribarsa ta tafi ke nan. Ga kuma ƙyama a kai. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ɗaukar wani a matsayin wanda ba a taɓawa, amma a littafin za ka ga mai ɗinkin takalmi yana ɗari-ɗarin zama cikin taron biki. Mu ba mu da wannan tsanani, alhamdu lillahi, muna sahu ɗaya a masallaci. Sai dai mai gaskiya zai tuna yadda wasu gidaje suke juya baya idan ɗan mahauta ko ɗan majema ya zo neman aure, ko da ya fi kowa tarbiyya. Bayan wannan littafi, wannan ɗabi'a ba ta ƙara zama mini ƙaramin abu ba.

Rikicin addini ma an bi shi daki-daki. Ana gina wurin bautar Hindu a jikin wani tsohon masallaci, sannan bikin Hindu ya haɗu da Muharram a lokaci guda, jerin gwano biyu suka yi karo a titi. Marubucin ya nuna jami'in da ya yi sakaci, da ɗan siyasar da ke lissafin ƙuri'a, domin zaɓen gama-gari na farko yana tafe, da kuma abokin da ya kare abokinsa na wani addini da ransa.

Yana da rauninsa. Wasu babobin Kalkata sun yi tsawo, kuma talakawa ba su sami fili kamar masu ilimin boko ba. Zaɓin da Lata ta yi kuwa ba zan faɗa ba, masu karatu har yau suna saɓani a kansa, ni dai ina bayanta. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zaɓen 1952 kamar yadda littafin ya kawo shi, daga rabon tikiti a jam'iyyar Congress mai mulki a lokacin har zuwa ranar ƙidayar ƙuri'a.