Abin da buga 'yan littattafai ya koya mini

Na fara buga zane-zanen intanet a 'yan ƙananan littattafai da hannuna ne bayan wani zane da nake matuƙar so ya ɓace daga intanet. Na koma shafin da yake, na tarar babu zanen, babu labarin mai shi. Da ina ɗauka duk abin da ya hau intanet ya zauna ke nan.

Da na bi diddigi sai na ga abin ya daɗe yana faruwa. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu, sai 'yan sa-kai na Archive Team suka yi ta kwasar abin da hannunsu ya kai kafin a kulle. A ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da ke kunna abubuwa masu motsi a shafukan intanet, wasanni da zane-zane masu motsi da yawa suka daina buɗuwa.

Aikin kansa ba shi da wuya. Takarda ɗaya ta A4, a ninka ta sau uku, a tsaga tsakiya, ta zama littafi mai shafi takwas. Wahalar tana wajen hoto mai motsi, irin GIF. Na jima ina tunanin takarda za ta kashe shi, har na koyi rarraba shi ɗaya bayan ɗaya a kusurwar shafukan littafi mai ɗan kauri. Idan ka saki shafukan da babban yatsa, motsin sai ya dawo. Launi kuwa ba ya dawowa duka, don allo haske yake fitarwa, takarda tawada take sha. Koren nan mai walƙiya kullum dusashewa yake, na haƙura da shi.

Babban kuskurena a littafin farko shi ne ban rubuta sunan kowa ba. Wata mai karatu ta tambaye ni wa ya zana hoton bango, na rasa amsa, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Na adana zanen, na yar da mutumin.

Yanzu kowane hoto yana tafe da sunan da mai shi ke amfani da shi, da adireshin shafin, da ranar da na gan shi. Ina ajiye shafin a Wayback Machine, ma'ajiyar kwafin shafukan intanet, sannan in nemi izini. Wasu sukan ƙi. Nakan cire aikinsu ko da shi ne ya fi kyau, in cike gurbin da wani.