Talata, sashe na 39

Yau da ƙarfe goma muka zauna da ɗalibai uku a kan Magna Carta, takardar 'yanci da Sarki John na Ingila ya amince da ita a 1215, sa'a guda. Na raba musu abin da a Ingila ake kira gobet: guntun nassi, layi huɗu ko biyar, a yi masa sharhi cikin minti ashirin. Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda da za a buɗe a karanta, dole sai an bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa masanin tarihi William Stubbs ya tattara su a littafinsa na 1870 a Okusfod, aka daɗe ana koyarwa da shi.

Sharhin yana da ƙa'ida. Wa ya rubuta, yaushe, me ya tilasta shi, wace kalma ce ke ɗauke da nauyin maganar, sannan me aka yi da ita daga baya.

A mataki na huɗu ɗalibai biyu suka yi tuntuɓe. Sashe na 39 ya ce ba za a kama ko a ɗaure wani ɗa, wato mutum mai 'yanci, ba sai da hukuncin tsaransa ko dokar ƙasa. Suka ɗauka kowa da kowa ake nufi. A 1215 kuwa kalmar ba ta haɗa da manoman da ke ɗaure da gonar ubangidansu ba, kuma suna da ɗimbin yawa. Manyan masu ƙasa ne suka ritsa Sarki John, bukatunsu ne a gaba. Ko wata uku ba a yi ba Fafaroma ya soke takardar. Wadda ta zama doka ita ce ta 1225, aka sake tabbatar da ita a 1297. Faɗin da muke gani yau, masanin shari'a Edward Coke da lauyoyin majalisa ne suka ba ta a zamanin Takardar Koken 'Yanci ta 1628.

Kuskuren yana da tushe: sun fara sanin nassin ta bakin lauyoyi, suna karanta jiya da idon yau. Abin yana damuna ƙwarai, don darasin tarihin tsarin mulki ya ja baya a sashen tarihi, ya fi zama a sashen shari'a. Alhali a 2019, da Kotun Ƙoli ta soke dakatar da majalisa, sai da ta koma ga hukuncin Coke na zamanin Sarki James na ɗaya.

Ɗaliba ta ukun ta tsaya a kan kalmar, ta tambayi wa aka bari a waje. Alhamis za mu ɗauki dokar 'yanci ta 1689.