Abin da kogin Haɗeja ya koya mini

Daminar 2022 ta same ni ina aikin sa-kai a ƙauyukan ƙaramar hukumar Auyo, a Jigawa. Aikina in bi gari-gari ina rubuta gidajen da ruwa ya ci da gonakin da suka nutse. Na tafi da littafi da biro, a zatona ni zan wayar wa mutane kai.

Rana tsaka, sama garau babu hadari, amma ruwa sai hawa yake. Abin ya ɗaure mini kai. Wani dattijo masunci ya ja ni bakin kogi, ya nuna mini karan da ya kafa tun magariba, ya yi masa tsaga da wuƙa. Ruwa ya haye tsagar da yatsu huɗu. Ya ce, "Ɗana, ruwan da ke cin mu ba a kanmu ake zubar da shi ba, daga Kano yake tahowa." Haka ne kuwa. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, a kansu kuma akwai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. In ruwa ya yi yawa a can, bayan 'yan kwanaki sai ya sauko wa ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai.

Ga kuma kachala. Tun da madatsun suka sa ruwa ke gudana har da rani, ciyawar nan ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kogi ya rasa mafita sai gonakin mutane. A cikinta ma tsuntsayen jan-baki ke kwana, su wayi gari a kan shinkafa.

Inda na fi ɗaukar darasi shi ne wajen jinga. Na kwana tare da samari suna cika buhuna da ƙasa, tocila a baki, ruwa iya gwiwa, mata na miƙo kunu. Wallahi ban taɓa ganin zuciya irin tasu ba. Amma jingar da aka ɗaure ruwa na kallonka ba ta da ƙwari, da asuba ta ɓalle. Garin da ya tsira shi ne wanda ya yi gayya tun da rani, ya ɗaga tasa, ya sare kachala. Kuma in gari ya yi jinga bai shawarci maƙwabta ba, ruwan da ya kora, gidajen maƙwabtan zai faɗa, daga nan sai rigima. Dole dagatai su zauna tabarma ɗaya.

Hukumar NiHSA, mai sa ido kan ruwan kogunan Najeriya, kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina. Sai dai gargaɗin ba ya shiga kunne sai ya biyo ta bakin mai unguwa, ko liman ranar Juma'a, ko rediyo. Kuma ka ce wa mutum ya koma tudu, wane tudun? Shanunsa fa, da rumbunsa?

Da ruwa ya janye, wata tsohuwa ta dubi littafina ta ce, "Malam, tabarma muna da ita. Rubuta iri da injin ban ruwa, kafin danshin nan ya wuce mu." A takardar da aka ba ni babu gurbin iri. A gefen shafi na rubuta shi.