Adakar da ke ƙarƙashin gado

Asabar, bayan isha.

Yau dai shara na tashi da niyyar yi, saboda hadari ya fara haɗowa kwana biyun nan kuma kwanon ɗakin baya yana yoyo ta kusurwa, to ina janyo tsohuwar adakata daga ƙarƙashin gado sai naji ƙasa tana zubowa, gabana ya faɗi. Gara ce. Ta cinye min littattafan rubutu na sakandare tas, ta shiga Ahalari da Ishmawi da nayi karatunsu wajen malam a zaure tun ina yarinya, sai gefe-gefe ya rage. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na ɗan jima ban ce komai ba.

Ƙanwar maigida tana nan ta zo hutu, tace "Anti ki tattara ki ba mai ƙosan bakin layi mana, ai yanzu komai yana waya." Nace a'a ƙanwata, bar min kayana. Ban ji haushinta ba, ita bata san me ke ciki ba.

Can ƙasa cikin leda na tarar da littafin Shaihu Umar, Allah ya tsare shi ko ɗigo gara bata taɓa ba, sai dai takardar ta yi ja kuma bangon ya rabe. Na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta tun yana malamin makaranta lokacin gasar rubutu ta 1933, tun kafin a san zai zama firaminista. A aji huɗu muka karanta shi don jarrabawa, ga layukan da na jajja da jan biro nan, duk sunayen garuruwa ne da na mutane, Kagara, Makau, Abdulkarim, abin da za a tambaya kawai nake bi in haddace.

Nace bari in duba shafi ɗaya, ashe na zauna kenan, tsintsiya na gefe har aka kira la'asar, shinkafar ma sai ƙanwar maigidan ce ta ɗora. Abin da ya bani mamaki, da can labarin yaron nake bi, yadda aka sace shi, yadda ya ƙetare hamada ya je ƙasar Masar ya zama malami, shi ne yake burge ni. Yau kuwa uwar na gani. Matar nan da ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wuya shekara da shekaru bata fasa nema ba, sai da ta sa shi a ido sannan rai yayi halinsa. Duk wurin nan ko layi ɗaya ban ja ba a wancan lokacin, fes yake. Ina da shekara 16, ina zan san wannan? Yanzu kuwa babban ɗana wata uku kenan yana makarantar kwana, in dare yayi sai in ta tunanin ko ya ci abinci, ko sauro ya dame shi, ko wani babba ya ƙwace masa sabulu. Hawaye na ji suna sauka kan takardar, nayi maza na goge da gefen zani kar ta jiƙe.

Da a waya na karanta ba zan ga yarinyar da ta ja layukan nan ba, ba zan san abin da ya wuce ta ba. Shi yasa bana son bada aron littafi sai ga wanda na tabbatar zai dawo da shi.

Bayan magariba na aika aka sayo min kafur da salatif, na liƙe bangon, na kakkaɓe waɗanda suka tsira na sa su a leda na ɗora saman wadrob nesa da bango. Ahalarin kuma zan sayi sabo in na shiga Kurmi, amma guntun tsohon na ajiye don akwai rubutun malam a gefe. Gobe Lahadi ranar ziyara ce, na riga na daka yaji na soya gyaɗa, da sassafe zamu kama hanya.