Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Kafireta ce ƙarshe"

Makon jiya na tsaya ne a kan rabon kayan aikin Kawu, Allah Ya jiƙansa, na kuma yi alkawarin yau zan shiga maganar aurena. Ku yi haƙuri, auren zai jira. Tunda na ambaci gejin auna ƙarfin silinda da fitilar tayimin (ta duba lokacin da fulogi ke ba da wuta), waɗanda Yaya ya ɗauka a matsayinsa na babban yaron gareji, raina bai kwanta ba. Kayan nan biyu har yau suna cikin akwatinsu, tsatsa ta ci su, shi kuwa Yaya shekara da shekaru yana karɓar tsofaffin motocin mutane da sunan zai rage musu shan mai, da sukudireba ɗaya tak a aljihu.

Kawu yana da magana guda da duk wanda ya zauna ƙarƙashinsa ya haddace. In direba ya shigo ya ce, "Maigida, motar nan ta fara shan mai, a ɗan matse min kafireta," wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, sai ya girgiza kai ya ce, "Kafireta ce ƙarshe." Ba ya ƙarawa. Mu yara ne muke gane sauran daga yadda yake jera aikin.

Yawancin abin da ke shigo mana wagon ne. Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a 1968, wagon ɗinta ta fi salun tsawo da nauyi, wata ma layin kujeru uku gare ta, injin kusan lita 2, giya huɗu. Akwai Volvo 240 da Mercedes W123 masu dogon baya. Irin waɗannan an yi su ne don kaya, shi ya sa a wasunsu akan sa musu aksul ɗin baya mai ƙarfin ja, wanda ke sa injin ya fi na salun juyawa a gudu iri ɗaya. Wagon za ta fi salun shan mai ko sabuwa ce, haka aka ƙera ta. Wanda ya ce zai goge wannan bambancin da sukudireba, bawul zai ƙona.

Kafin a buɗe bonet, awo ake fara yi. A cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a yi tafiyar da aka saba, a sake cikawa har baki. Litar da ta shiga a raba ta da kilomitar da aka yi, a ninka sau 100. Lita 45 a kilomita 400, wato lita 11 da kwata ke nan a kowace kilomita 100. Allurar gejin mai ta tsohuwar mota ba shaida ba ce.

Daga nan sai ƙarfin silinda. A bar injin ya ɗau zafi, a cire fulogogi duka huɗu, a taka totur har ƙasa, a yi kik da gejin a ramin fulogi har allura ta daina hawa. Kawu ba girman lambar ya fi dubawa ba, tazarar da ke tsakanin silindojin ce: in ɗaya ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana. Sai a zuba baƙin mai kamar cokali guda a ramin a sake gwadawa. In lambar ta hau, ringi ne ya cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya zama. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ɗin tof ne ya ƙone a tsakaninsu. Injin da ke zubar da ƙarfinsa ta nan, direba zai riƙa danna totur don ya cike giɓin, man kuwa can yake tafiya.

Bawul a sanyi ake saita shi a 504, da fila geji, wato siraran ganyen ƙarfe na auna tazara: milimita 0.10 a na shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. In bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, a saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4. In na 3 ya buɗe, na mai na 4 da na hayaƙi na 2, haka har a zagaye. Gejin ya shiga da ɗan ja, ba ya sulluɓe ba, ba kuma sai an tura da ƙarfi ba. Masu matse bawul don injin ya daina ƙaf-ƙaf su sani, bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne lokacin da ya zauna a kan kujerarsa. In aka hana shi zama sosai, gefensa zai tsage. Yaya yana alfahari da cewa injinsa ba ya ƙara. Haka ne, sai dai tof nawa aka sauke a bayansa?

Wuta ita ce inda man tsohuwar mota ya fi salwanta, kuma nan Kawu ya fi daɗewa. Ana fara saita kwantak, ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa cikin distiribita (na'urar da ke raba wa fulogogi wuta), wajen milimita 0.40 in ya buɗe iyakarsa, domin taɓa kwantak yana motsa tayimin: in ya yi faɗi wuta ta yi gaba, in ya matse ta yi baya. Robar da ke gogar kam tana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wutar ta yi ta ja baya ba wanda ya sani. Mota ta yi nauyi, ta yi zafi, ta yi shan mai, a ce kafireta. Bakin fulogi a irin wannan injin milimita 0.6 zuwa 0.7 ya isa. Sannan a kama rota, abin da ke juyawa ƙarƙashin murfin distiribita, a murɗa ta da hannu, ta ɗan tafi ta dawo da kanta. In ta ƙage, ƙarafan da ke tura wuta gaba in injin ya ɗau gudu sun yi tsatsa. Akwai ɗan audugar da ke ƙarƙashin rota, ɗigon mai biyu take so, amma sai ka ga distiribitar da ba a taɓa ɗiga mata ba.

Sai ƙaramin gwangwanin nan da ke manne a gefen distiribita, mai siririn tiyo zuwa kafireta. A cire tiyon a tsotsa da baki, a ga farantin kwantak ya motsa, a toshe da harshe ya tsaya cak. In iska ce ke ta zuwa, robar ciki ta yage. Aikinsa shi ne ƙara tura wuta gaba lokacin da mota ke tafiya a miƙe da totur kaɗan, wato daidai inda ake samun sauƙin mai a doguwar hanya. Na sha ganin an yanke tiyon an cusa ƙusa. Bayan wannan ne ake ɗaura fitilar tayimin, tiyon a cire, injin a silo, a daidaita da alamar da kamfani ya yi. In aka taka a giya ta huɗu a hawa aka ji ƙyas-ƙyas, wuta ta yi gaba da yawa, a ɗan dawo da ita.

Maganar tamostat kuwa, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, ita ce ta raba ni da Yaya tun Kawu yana raye, kodayake Inna har ta koma ga Allah tana ɗauka wani abu ne daban. Mota ta yi zafi, maimakon a wanke lagireto, a duba fambel da famfon ruwa da murfin lagireto, sai a zare tamostat a jefar. Injin an yi shi ne ya yi aiki ruwansa na sama da digiri 80. In ya zauna a sanyi fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai, wani ya kwanta a jikin silinda ya wanke baƙin mai, ringi ya ci. In cok, farantin da ke rage iska don injin ya tashi a sanyi, mai aiki da zafin ruwa ne, ba zai gama buɗewa ba. Da motocin injekta suka zo abin ya ƙara muni, don kwamfutar tana ganin injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara mai. Volvo ta fara sa na'urar shinshinar hayaƙi mai taimakawa wajen daidaita mai da iska tun 1976, amma yaran Yaya har gobe zare tamostat suke yi.

To, yanzu ne aka iso kafireta, ita ce ƙarshe. A fara da matatar iska, in ta toshe tamkar an ja cok ne. A leƙa a ga farantin cok a tsaye yake in injin ya yi zafi. A buɗe a duba fulot, abin da ke yawo a kan man cikin kafireta, da allurarsa: fulot ɗin da ya huje za ka ji fetur na motsi a cikinsa in ka girgiza, allurar da ta yi zobe a baki ba ta tsayar da mai, sai ya cika ya riƙa ɗiga cikin maƙogwaro ko a silo. Jet, ɗan ramin da fetur ke bi, da iska ake hura shi, ba a zura masa waya. Fetur yana son iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone tas, kuma jet ɗin da kamfani ya sa an auna shi a kan haka. Sukurun da kowa ke rububin matsewa, na silo ne kawai. Mota na hawa titi aikinsa ya kusa ƙarewa, babban jet ya karɓa. Ana saita shi injin da zafi: a juya har a sami inda injin ya fi sakewa, a dawo da silo wajen juyi 800 zuwa 900 a minti, sannan a ɗan matse har a ji ya sauka kaɗan. Bayan tafiya a cire fulogi a karanta. Ruwan ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ke hawa. Fari tas, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne aikin masu sa ƙaramin jet su ce sun yi wa mota tattali. Direba zai ƙara danna totur, injin ya ƙara zafi, wata uku a dawo da bawul a ƙone.

Wani abin ma ba a injin yake ba. A ɗaga kowace taya a juya da hannu, birkin da ke kamawa za ka ji shi, kuma bayan tafiya ƙafar za ta fi sauran zafi. Iskar taya a sanyi ake aunawa, ta bayan wagon mai kaya tana son fiye da ta gaba, lambar tana jikin ƙofa ko a littafin motar. Kariyar saman rufi in ba kaya a sauke ta. Turjiyar iska a gudun 120 ta ninka ta gudun 80 sau biyu da kwata, mota mai giya huɗu kuwa a nan take ihu. Masu kashe injin a gangara don tsimin mai su daina: birkin yana samun taimako ne daga zuƙar injin, taku biyu ko uku ya ƙare, feda ta zama dutse.

Ranar da aka raba kayan, ni fila gejin Kawu ne ya faɗo hannuna, ganyen 0.10 har ya lanƙwashe don aiki. Yaya ya ce abin da ya dace da ƙaramin yaro ke nan. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, maganar auren, da yadda aka yi Kawu ya ƙi zama waliyyina sai da na sauke masa giyar wata wagon ni kaɗai.