Kwastoma ce, ba ƙawata ba

Ni fa ba ma'abociyar kallon irin shirye-shiryen nan na rayuwar manyan mata bace, duk wanda ya sanni a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, zai gaya muku daga kan keken ɗinki sai gida, in ma na samu sarari rediyo nake kunnawa. Yarinyar da ke koyon aiki a wajena ce ta jawo min. Cikin azumin 2022 ne, ranar 8 ga Afrilu aka fara sakin The Real Housewives of Lagos a manhajar kallo ta Showmax, duk Juma'a kashi ɗaya, ita kuma ta roƙo lambobin shiga na wata yayarta da ke Nima ta saka a wayarta. Ranar farko da na leƙa naga abinda take kallo nace ke yanzu da azumi a bakinki zaki zauna kallon mata rabin jiki a waje suna shan abinda Allah kaɗai ya sani? Tace Anti wlh ɗinki nake dubawa. Ɗinki dai. Toh sai muka daidaita, ba kallo sai an sha ruwa an sauko daga asham.

Duk telan da ke karanta wannan ya san yadda daren azumi yake a shago, kaya jibge har kan benci, kowa na son nasa kafin Sallah, ido na yaji, baya na ciwo, shayi ya huce a kofi. A haka muke jingina wayar jikin gwangwanin maɓallai, ita tana kalmasa ni ina taka keke, in rigima ta kaure sai in ɗaga ƙafa ince mayar baya inji me tace. Kafin a kai kashi na uku ni da kaina nake tambayarta yau ba Juma'a bace?

Su shida ne matan. Akwai Iyabo Ojo ƴar fim, ita dama mun santa tun a finafinan Yarbawa. Akwai Toyin Lawani mai Tiannah, wadda ita sana'armu ɗaya ce, sai dai ita irin kayan da take ƙerawa in ka saka ka shiga pragya, keken haya mai ƙafa uku, sai an ɗauko wata pragyar daban saboda hannun riga. Sai Laura Ikeji, ƙanwar Linda Ikeji mai shafin gulmar nan na intanet, mijinta kuma ƙanin Kanu ɗan ƙwallo ne. Sai Carolyna Hutchings tsohuwar ƴar fim da ta taɓa auren Musa Danjuma, sai Chioma Ikokwu, lauya ce amma da gashin kanti aka fi saninta har ana ce mata Chioma Good Hair, sai Mariam Timmer da bata shigo da wuri ba amma da ta shigo kowa ya san ta shigo. Shirin kansa ba ƙirar Legas bane, daga Amurka ya taso tun 2006 a tashar Bravo, su Johannesburg da Durban sun riga su yi nasu, wannan ne dai karon farko a Najeriya. Abin da ya ban dariya tun farko shine sunan, wai matan gida. Ban ga wadda ta tsuguna gaban murhu ba, kowacce akwai abinda take sayarwa, wannan gashi, wannan kaya, wannan fim, wannan kuma sunanta kawai take sayarwa kuma ana saye.

Motoci da jakunkuna da gidajen Lekki da Ikoyi duk na gani, sun yi kyau, Allah ya ƙara. Amma ba su suka riƙe ni ba. Kalma ɗaya ce ta riƙe ni, tun farko-farkon shirin. Laura na kallon Chioma a matsayin ƙawa, ita kuma Chioma ta nuna a'a, Laura kwastoma ce, tana sayen gashi a wajenta, shikenan. Wayyo. Yarinyata ta dafe ƙirji tace Anti kinji wulaƙanci, wannan ai girman kai ne. A Twitter da Instagram ma haka aka dinga yi, wasu na zagin Chioma wasu na yi wa Laura dariya. Ni kuwa shiru nayi, allura a baki, don a daidai lokacin akwai wani leshi ruwan toka rataye a bayana wanda mai shi ta shekara biyu tana ce min ƙawata.

Bari in baku labarinta, ba zan faɗi suna ba kuma ba zan faɗi layinsu ba, Hajiya dai. In ana biki a zango daga Asawase har Sabon Zango har Tafo ita ce a gaba, in an fitar da yayi ita ke fara saya, gwaggwaro kamar zai taɓa silin, gwal a wuya gwal a hannu, in makaɗa suka kama sunanta sai ta tashi ta yi liƙi da sababbin kuɗi har sai an ce Hajiya ya isa. Ranar da ta fara shigowa shagona da murna na je gida, nace wa Mma, mahaifiyata, yau Allah ya kawo min babbar kwastoma. Ɗinki na farko ta biya cas har da na koko. Na biyu ta biya rabi. Daga na uku na zama ƙawa. Ƙawata ki taimaka jibi ne sunan, ƙawata saka min duwatsu a wuyan kuɗin na nan zuwa, ƙawata zan turo miki ta momo, wato kuɗin waya, da daddare. Daren nan har yau bai yi ba. Ni ke zuwa kasuwar Kejetia in sayo shafi da zif da duwatsu da kuɗina, in ture aikin mutanen da suka biya in kwana kan nata, sannan in je bikin in ganta tana watsa wa mai kalangu abinda ya fi bashina. Kuma wai in ta hango ni sai ta jawo hannuna ta ce wa mutane ga telata, ƙawata ce ta amana, ni kuma kamar wawuya ina murmushi ina jin daɗi an san ni.

Abinda ya sa abin ke da wuya shine mu a zango ba a raba ciniki da zumunci. Wadda ke bin ki bashi ko kike bi, uwarta ta yi wa uwarki wankan jego, mijinta sahu ɗaya yake tsayawa da naki a masallaci, kuna adashi ɗaya, in kika ce Hajiya kuɗina gobe a ce ƴar wance bata da kunya, ido ya buɗe da kuɗi. Shi yasa da naji mace ta kalli kyamara ta raba ƙawa daban kwastoma daban ba tare da ta sunkuyar da kai ba, wani abu ya tsaya min a maƙoshi. Ba wai ina cewa ta kyauta ba fa, akwai yadda ake faɗin magana, Laura ma mutum ce, kuma ko ni aka yi wa haka a bainar jama'a sai na kwana ban yi barci ba. Amma dai ta faɗi abinda ni shekara goma sha na kasa faɗa.

Mma kuwa nata kallon daban. Wani dare ta kawo mana kunun sahur shago ta zauna ta ƙura wa wayar ido, can tace wannan wace Ikko ce? Ita Ikko take ce wa Legas har yanzu. Ta zauna a Agege da ƙuruciyarta wajen wata gwaggonta, tana sayar da goro da waina, har 1983 da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda suka dawo a bayan babbar mota da ƙullin kayansu a jakar nan da har yau ake kira Ghana must go. Tace ita Ikkon da ta sani kwata ce da cunkoso da manyan bas-bas na molue, bata taɓa ganin wannan ruwan da waɗannan fitilun ba. Sai kuma ta nuna gefen hoton da yatsa tace waccan yarinyar da ke riƙe mata jaka fa, ita bata da suna? Daga ranar na koma kallon gefe-gefe, mai kwalliya da ke goge gumi, mai riƙe bakin riga kar ta ja ƙasa, direba, mai zuba abinci. Kuma duk rigar da ta fito sai in fara lissafin hannu nawa suka taɓa ta, dare nawa aka kwana ana jera duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ciwon tela ne, bamu iya kallon kaya kamar mutane.

Sai kuma abin ya biyo mu har shago. Goman ƙarshe ƴan mata suka fara zuwa da hoto a waya, Anti irin wannan nake so na Sallah. In duba inga riga mai matse ciki da ƙarfe a jiki, hannu kamar fuffuken jimina, yadi ya kai goma, ita kuma ta riƙo atamfa yadi uku da kuɗin da ko shafi ba zai saya ba, ga sidi a shekarar kullum sai ƙasa yake yi, abin da ka saya a Kejetia wannan satin sati mai zuwa ya canza kuɗi, ga E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, da aka fara cira ranar 1 ga Mayu, saura kwana biyu Sallah, kowa na cewa kar a turo masa ta momo. Wata nace mata ƙanwata ko na ɗinka miki wannan a ina zaki saka, filin idi? Babanki ya gani? Tayi dariya tace zata ɗora mayafi. Na ɗinka mata wani abu tsaka-tsaki, ta karɓa tana tura baki.

Sauran shirin ba sai na tsaya ba, wanda ya gani ya gani. Carolyna da Laura sun yi ta yi kan abubuwan da shafin Linda ya taɓa rubutawa game da auren Carolyna, ana kiran liyafa ana zuwa a makare ana faɗa kan makarar, an kwashe su an kai Dubai. Abin da ya ban mamaki kawai shine Chioma da Carolyna, su da suke kamar tsintsiya ɗaya tun farko, su ne a ƙarshe suka watse baram-baram, har zaman sulhun da Uti Nwachukwu ya jagoranta bai gyara ba. Yarinyata tace toh Anti gashi ƙawar ta tashi a banza, da ma kwastomar ta riƙe. Na san da yawa daga cikin faɗan kyamara ce ke hura shi, in an zauna lafiya wa zai sayi data ya kalla, amma akwai hawayen da ban yarda na wasa bane.

Leshin nan ruwan toka kuwa na gama shi ana gobe Sallah. Tun la'asar nake bita a raina, yau zan gaya mata, Hajiya ki yi haƙuri kaya ba zai fita ba sai an biya na baya, har na rubuta lissafin a bayan kwalin zare, ɗinki bakwai. Yarinyata na ta zuga ni, Anti ki yi mata irin na Chioma. Bayan isha sai ga ta da ƙamshin turarenta tun daga bakin titi, ta shigo da sallama ta ajiye min leda, dabino ne da ɗan kwalin madara, tace ƙawata ya Mma da jiki, naji ance ƙafar ta matsa mata, gobe in an sauko idi zan leƙo in gaishe ta. Nace da sauƙi Hajiya, an gode Allah ya saka. Ta ɗaga rigar ta juya ta gaba da baya tace kai hannunki akwai albarka. Na naɗe mata na saka a leda na raka ta har bakin ƙofa. Da na dawo yarinyar bata ce komai ba, kwalin zaren kawai ta ɗauka ta kifa shi, ta jingina wayar jikin gwangwani tace Anti saura rigar yaran nan biyu.