Godiya bayan walimar karrama 'yan besbol ɗinmu da suka yi fice a karatu

Assalamu alaikum.

A madadin ofishin kula da karatun 'yan wasa da kwamitin iyaye, muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarci walimar da aka shirya wa ƙungiyar besbol ta jami'armu a nan Amurka, da waɗanda ba su samu zuwa ba amma suka bugo waya ko suka turo saƙon barka. A bana ƙungiyar ta shiga jerin waɗanda ABCA, wato ƙungiyar kociyoyin besbol ta Amurka, ta ba lambar Team Academic Excellence Award, sannan wasu daga cikin yaran sun shiga jerin Academic All-District. Alhamdu lillahi. Ba za mu jera sunaye da maki a nan ba, domin dokar FERPA ta 1974 ba ta yarda makaranta ta fitar da sakamakon ɗalibi ba sai da izininsa. Yaron da ya ga dama zai sanar da bakinsa.

'Yan'uwa da dama, musamman na gida, sun yi ta tambaya ko kofi aka ci. Ba kofi ba ne, lambar karatu ce, kuma iri biyu ce. Ta ABCA ta ƙungiya ce baki ɗaya: ana haɗa makin dukkan 'yan wasa na shekarar karatu, in matsakaicinsa ya kai 3.0 sai koci ya tura sunan ƙungiyar. Ta biyun kuwa, wato Academic All-District, ta mutum ɗaya ɗaya ce, ƙungiyar jami'an yaɗa labaran wasanni na jami'o'i ce ke bayar da ita. A da sunanta CoSIDA, a 2022 ta koma College Sports Communicators, kuma tun 1952 ake wannan zaɓe. Sharaɗinta ya fi tsauri. Dole jimlar makin yaro tun shigarsa jami'a ta kai 3.50, ya wuce shekarar farko, kuma ya kasance yana buga wasa da gaske: ko ya fito a kashi 90 cikin ɗari na wasannin, ko an fara da shi a kashi 66. Masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, suna da nasu ma'aunin daban, tunda ba kullum suke fita ba. Daga cikin waɗanda suka shiga wannan jeri ake tace 'yan kaɗan a kaɗa musu ƙuri'a don Academic All-America, wato jerin ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma lambar da a da ake kira Elite 90 ta NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake ba wanda ya fi kowa maki cikin 'yan wasan da suka kai matakin ƙarshe na gasa. A rukuni na ɗaya, wato babban rukunin jami'o'i na NCAA, wannan matakin shi ne na ƙungiyoyi takwas da ke haɗuwa a Omaha, jihar Nebraska, a watan Yuni. Wannan ba mu kai gare ta ba tukuna.

A lura, ma'aunin nan na 4.0 ne, ba na 5.0 da aka saba da shi a yawancin jami'o'in Najeriya ba. A tana da maki 4, B 3, C 2, D 1, F babu ko ɗaya, kuma ana ninka kowanne da yunit ɗin kwas ɗin. Saboda haka 3.50 na nufin rabin kwasa-kwasan yaro A ne, rabi B. Ga yadda take suɓucewa. Yaro ya gama yunit 60 da 3.55, wato yana da maki 213. Ya ɗauki kwas biyar masu yunit uku uku, ya ci A ɗaya da B huɗu, sakamakon da kowane uba zai sa wa albarka. Makinsa ya ƙaru da 48, jimla 261, a raba da yunit 75, ya dawo 3.48. Bai faɗi komai ba, amma ya fita daga jerin.

Shi ya sa godiyarmu ta farko ga yaran ce, don mun san a wane yanayi suka samo waɗannan maki. A rukuni na ɗaya ana fara kakar wasa a tsakiyar Fabrairu, ana iya buga har wasa 56 kafin ƙarshen Mayu, wato duk a cikin zangon karatu na biyu. Tsarin mako shi ne wasa uku a jere da ƙungiya ɗaya, Juma'a, Asabar da Lahadi, sai ɗaya ko biyu a tsakiyar mako, Talata ko Laraba. In wasan na waje ne, bas kan tashi tun Alhamis. Jami'o'in arewacin ƙasar sun fi shan wahala, domin sanyi da dusar ƙanƙara kan sa su shafe makonnin farko suna yawo a jihohin kudu kafin su buga wasa ko ɗaya a gida. NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako ga atisaye da wasa, amma ita a lissafinta kowane wasa awa uku ne komai tsawonsa, kuma ba ta ƙirga zaman bas, jiran ruwa ya ɗauke, ko jinyar kafaɗa da gwiwar hannu. In aka yi ruwa ranar Juma'a, sai a haɗa wasa biyu ranar Asabar, yini ya tafi ke nan. A dawo tsakar daren Lahadi, ƙarfe takwas na safiyar Litinin kuma ana aji.

Muna so mu ware 'yan benci da godiya ta musamman. Akwai yaran da makinsu ya wuce 3.50 nesa ba kusa ba, amma ba su buga wasannin da suka isa a saka su a jerin ba. Wasunsu ko tallafin karatu ba su da shi. Shekara da shekaru doka ta taƙaita tallafin besbol a rukuni na ɗaya zuwa 11.7 ga ƙungiyar da ta haura mutum talatin, sai dai a yanyanka shi a raba, kuma sai a 2025 aka fara sauya wannan tsari. Waɗannan yara suna zuwa atisaye kamar kowa, suna kama wa masu jifa ƙwallo lokacin ɗumama jiki, suna hawa bas ɗin da kowa ke hawa, kuma makinsu ne ke ɗaga matsakaicin ƙungiya sama da 3.0. A ra'ayinmu lambar ABCA tasu ce kafin ta zama ta kowa, kuma da gangan aka fara kiransu gaban jama'a a wurin walimar.

Malaman jami'a, Allah ya saka muku da alheri. A makon farko na zango kowane ɗan wasa yakan kai wa kowane malami takardar tafiye-tafiye, mai ɗauke da ranakun da zai rasa aji. Amfanin takardar shi ne a ɗora ta a kan jadawalin kwas tun ranar, a ga inda jarrabawa ta ci karo da tafiya, a yi magana tun akwai sauran damar canza kwas ba tare da ya fito a takardar sakamako ba. Inda abin ke lalacewa shi ne yaro ya ajiye takardar a jaka, sai ana gobe tafiya ya tuna. A lokacin malami yana da hujjar ƙin yarda, kuma takardar ba ta ɗauke wa kowa aiki, lokacin yinsa kawai take matsarwa. Malaman da suka yarda aka rubuta jarrabawarsu kafin tafiya, da waɗanda suka rufe takardun tambaya a ambulan suka ba ma'aikacinmu ya tafi da su, sun yi mana abin da ba dole ba ne a kansu. Irin wannan jarrabawa a ɗakin taro na otal ake yin ta, a tattara wayoyi a kan tebur ɗaya, ma'aikacin ofishin karatu ya tsaya a kai, ba koci ba, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa, ya sa hannu a bakin ambulan ya rufe.

Akwai tarko guda da ya kamata sababbin iyaye su sani. Aikin da ake turawa ta intanet yakan rufe ƙarfe 11:59 na dare, amma da agogon jami'a, ba da agogon garin da ake wasa ba. Ƙungiyar gabashin Amurka da ta je wasa gaɓar yamma, a wurinta ƙarfe 8:59 ne, lokacin yaro yana tsaye a fili da safar kamu a hannu. Ga kuma intanet ɗin otal da kan yanke a tsakiyar jarrabawar da ba a sake buɗewa. Dokar da muka kafa ita ce duk aikin da wa'adinsa ya faɗa cikin tafiya a tura shi kafin a hau bas, kuma muna gode wa kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiya da suka riƙa bi kujera kujera suna tambaya kafin direba ya tayar da mota.

Masu ba da shawara kan zaɓen kwas su ne suka yi aikin da ba a gani, kuma tun watannin Oktoba da Nuwamba suka yi shi. Da sanyin safiya ake kama fara. Kwas mai firaktikal a ɗakin gwaje-gwaje, kamar kimiyyar sinadarai, ana tura shi zangon farko, domin firaktikal ɗin da aka rasa da wuya a sake shirya shi saboda mutum ɗaya. A zango na biyu ana neman azuzuwan safe, a guji na yammacin Alhamis da na Juma'a iya yadda za a iya. Ana kuma sa yaro ya yi rajistar yunit 15, ko da yake 12 ne mafi ƙaranci da ake ɗaukarsa cikakken ɗalibi. Dalili shi ne in kwas ɗaya ya gagara ya janye, ya sauka 12, yana nan cikin wasa. Wanda ya fara da 12 ya janye daga guda kuwa, daga wannan ranar ba shi da izinin atisaye balle wasa, kuma in aka saka shi a fili bisa rashin sani, ƙungiyar ce za ta amsa tambaya. Su ne kuma ke bin sauran ƙa'idojin NCAA: cin aƙalla yunit 6 a kowane zango, 18 a zango biyu na shekara, 24 kafin shiga shekara ta biyu, sannan kammala kashi 40, 60 da 80 na digiri kafin shiga shekara ta uku, ta huɗu da ta biyar. A nan ne canza fanni a makare ke cutar da yaro mai ƙoƙari, domin yunit ɗin da ba ya cikin sabon digirin ba a ƙirga shi, ko da A ya ci.

Ga masu koyarwa na bayan aji, mun gode da haƙuri, mun kuma gode da tsare iyaka. Mai koyarwa yana bayani, yana tambaya, yana nuna inda lissafi ya karkace, amma ba ya taɓa kwamfutar ɗalibi, ba ya gyara masa jimla, ba ya zama kusa da shi lokacin jarrabawar intanet. Taimakon da ya wuce haka laifi ne a wurin jami'a da NCAA duka, kuma yana iya cinye wa yaro kaka guda. Wasu iyayen sun ga kamar tsaurin ya yi yawa. Mu dai ba za mu sassauta ba.

Kociyoyi sun cancanci yabo a kan abu ɗaya takamaimai: rahoton maki da ake karɓowa daga malamai a tsakiyar zango, sun karanta shi kuma sun yi aiki da shi. Wanda aka ga yana gangarawa C an ƙara masa awannin zaman karatu, an kuma bar wani a gida ranar wasan tsakiyar mako don kada ya rasa jarrabawa. Ba kowane koci ke yarda da haka ba in wasa ya matse. Jami'in yaɗa labaran ƙungiya shi ne ya cike takardun neman lambar All-District, ya karɓo tabbacin maki daga ofishin rajistara, ya ƙirga wasannin kowane yaro, duk a cikin 'yan kwanakin Mayu da jarrabawar ƙarshe da gasar ƙarshen kaka suka haɗu. In wa'adin ya wuce, ko makin yaro 4.0 ne sai wata shekarar. Direbobin bas da suka bar fitilun ciki a kunne da dare saboda masu karatu, da ma'aikatan ɗakin karatu, da masu girki da masu shara da suka gyara zauren walima, duk mun gode.

Iyaye, ku ne kuka biya abin da tallafi bai biya ba, kuma ku ne za ku sha tambayar da ke tafe. Ɗan wasan jami'a yana shiga zaɓen ƙwararru na MLB, wato babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, bayan shekara ta uku ko in ya cika 21. Ana yin zaɓen a watan Yuli, zagaye 20 ne, ƙungiyoyi 30, wato gurbi ɗari shida da 'yan kai, kuma da 'yan sakandare ake rabawa. Wanda aka zaɓa ya yanke shawarar tafiya, a tabbata ya bar makaranta da tsaftataccen sakamako, kuma a nemi a rubuta kuɗin ƙarasa digiri cikin kwantiraginsa. Wannan ya shafi na bayansa ma, domin NCAA tana auna kowace ƙungiya da ma'aunin APR, inda ɗan wasa ke samar da maki ɗaya in ya cika sharuɗɗan karatu, ɗaya kuma in ya ci gaba da zama a makarantar, kuma ƙungiyar da matsakaicinta na shekaru ya faɗi ƙasa da 930 tana fuskantar hukunci. Masu zuwa wasannin bazara irin na gasar Cape Cod da ke jihar Massachusetts kuma, kada su ɗauki kwas ɗin intanet daga wata makaranta sai rajistara ya tabbatar a rubuce cewa za a karɓi yunit ɗin.

Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya bar zumunci. Iyayen sababbin 'yan wasa, za a turo muku takardar izinin duba sakamako. Yaron ne zai sa hannu, ba ku ba, kuma in bai sa ba ofishinmu ba zai iya gaya muku makinsa ba ko kun kira. A dawo da ita kafin ƙarshen mako na biyu na zango.

Daga ofishin kula da karatun 'yan wasa da kwamitin iyaye.